Garkuwar sabuntawa ta ɓace daga zirin ƙasan allo

Baban Walid, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa. Ina da matsala da kwamfutar da nake aikin fassara da buga takardu a kanta a nan Misfala, kuma ina roƙon wanda Allah ya hore wa sani ya taimaka mini. Tsohuwar kwamfuta ce da na saya a kasuwar haraj shekarun baya, Windows 10 ne a kanta. Da aka ce Microsoft zai daina kula da shi daga 14 ga Oktoba 2025, ita kuma ba ta cika sharuɗan Windows 11 ba, sai ɗan ƙanena ya ɗora mini Linux Mint a madadin Windows kafin ya koma Kano. Abin da ya fi jaddada mini shi ne wata 'yar alama mai siffar garkuwa kusa da agogo, a zirin nan na ƙasan allo da mutanen nan ke kira shariɗ. Ya ce duk ranar da na ga ɗigo a jikinta in danna ta, in sa kalmar sirri, in bar ta ta gama aikinta.

Haka na riƙa yi, har aka wayi gari na daina ganin ta. Yau kimanin wata biyu ke nan, kuma a duk tsawon lokacin na ɗauka babu sabon abu ne shi ya sa ba ta fito ba. Jiya bayan Isha'i na nemo Update Manager, wato manhajar sabuntawa mai wannan garkuwa, a jerin manhajoji na buɗe shi da hannuna, sai ga sabuntawa sama da ɗari suna jira, cikinsu har da Firefox, wanda da shi nake shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da asusun banki, kuma a kwamfutar akwai hotunan fasfo da iƙamar mutane da suka ba ni amana. Na saukar da su duka, amma har yanzu garkuwar ba ta dawo ba. Ta ina zan fara?

Ɗalibin Madina

Wa alaikumus salam, Baba. Kun kyauta da kuka fara saukar da sabuntawar kafin neman alamar, domin ita ce ta fi gaggawa. Kafin a taɓa komai ina roƙon ku amsa mini abubuwa uku. Wane Linux Mint ne, kuma wane tebur ne a kansa, wato fasalin allon aikinsa, Cinnamon ko MATE ko Xfce? Za ku ga wannan a System Info. Sannan ku buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umurni, ku rubuta `pgrep -af mintUpdate`, da babban harafin U a tsakiya, ku gaya mana ko ya fitar da layi ko ya yi shiru. Na ƙarshe, idan kuna da Telegram ko bulutut a kwamfutar, alamominsu suna nan a zirin, ko su ma sun tafi tare da garkuwar?

Dalilin tambayar shi ne wannan alama ba abu ɗaya ba ce. Akwai manhajar da ke duba sabuntawa, ita ce ke aiko da alamar, akwai kuma gurbin da ke karɓarta ya nuna ta a ziri. Ko wanne daga ciki ya samu tangarɗa, abin da ido zai gani iri ɗaya ne, wato babu garkuwa, amma maganinsu ya bambanta.

Abu Hafsat, Jidda

Alhaji, ni wannan aiki shi nake yi kullum, kuma ba na son a wahalar da dattijo da rubuce-rubucen taminal. Ku danna ɓangaren dama na linzami a kan zirin, ku shiga Troubleshoot, ku zaɓi wanda ke mayar da duk saitin yadda ya zo daga farko. Minti ɗaya ya isa, kuma galibi da shi ake gamawa. In hakan bai yi ba, ku kwashe takardunku a filas, a sake ɗora Mint sabo. Ina ganin wannan ya fi a kwana ana bincike alhali aikin mutane na jira.

Ummu Salma, Riyad

Yaya Abu Hafsat, da izininka, ban yarda a fara da wannan ba. Na taɓa yin haka a kwamfutar da 'ya'yana ke karatu da ita, kuma gaskiya ne ziri ya koma yadda ya zo, amma ya tafi da ziri na biyu da na yi a saman allo da duk tsarin da na ɓata lokaci na jera, sai da na sake komai daga farko. Wanda aka shirya wa kwamfuta aka tafi, bai san me aka sa masa da me aka cire ba, in ya share tsarin ba zai iya mayar da shi ba. Sake ɗora Mint kuwa a kan alama ɗaya, kwamfutar da ke cike da takardun mutane, ya yi yawa ƙwarai.

Akwai wani abu mai sauƙi da ya kamata a duba tukuna. A cikin saitin Update Manager kansa akwai zaɓin da ke cewa kada alamar ta fito sai in akwai sabuntawa ko an samu kuskure. Wanda ya kunna shi ba zai ga garkuwa ba muddin kwamfutarsa a sabunce take. To tunda Baba ya saukar da komai jiya, yana yiwuwa rashin ganin ta na yau wannan ne dalilinsa.

Ɗalibin Madina

Hajiya ta kawo abu mai muhimmanci, kuma ya kamata a duba shi. Sai dai ba zai bayyana wata biyun da suka wuce ba, domin a lokacin sabuntawa suna jibge, ko da an kunna wannan zaɓi ya kamata garkuwar ta fito. Amma a tabbatar ya fi. Baba, in ba ku son neman wurin a cikin saiti, ku rubuta `gsettings get com.linuxmint.updates hide-systray`. In ya ce false, ba a ɓoye ta ba.

Baban Walid, Makka

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ɗana na Madina, ga amsoshinka. Linux Mint 21.3 ne, Cinnamon. Rubutun farko ya fitar da layi ɗaya mai lamba da sunan mintUpdate, na biyun kuma ya ce false. Telegram ina da shi, kuma yanzu da ka tambaya na tuna cewa da can in na rufe shi alamarsa takan zauna kusa da agogo, amma ita ma na daɗe ban gan ta ba. Alamar intanet da ta sauti da tutar da ke nuna ko Larabci nake rubutawa ko boko duk suna nan lafiya, shi ya sa ban taɓa zargin zirin ba.

Malam Abu Hafsat, na gode da ka so sauƙaƙa mini, amma ina jin tsoron share abin da ban san yadda aka gina shi ba, don haka zan fara bin hanyar binciken.

Ɗalibin Madina

Madalla, Baba, wannan amsa ta rage mana hanya sosai. Alamar intanet da ta sauti da ta madannai ba sheda ba ce, domin a Cinnamon kowacce daga cikinsu 'yar manhaja ce mai zaman kanta da aka dasa a ziri, ba ta jiran kowa ya nuna ta. Garkuwa da Telegram kuwa baƙi ne, sai an tanadar musu masauki. Tunda manhajar tana aiki kuma baƙin biyu sun ɓace tare, masaukin ne babu.

Ku danna ɓangaren dama na linzami a wani fili na zirin da babu komai, ku zaɓi Applets. A shafin farko za ku ga jerin waɗannan ƙananan manhajoji, kuma wadda take aiki tana da alamar dacewa a gefenta. Ku nemo guda biyu, XApp Status Applet da System Tray. Duk wadda ba ta da alamar, ku zaɓe ta ku danna alamar tarawa da ke ƙasan tagar. In kun yi haka ba ta fito nan take ba, ku danna Ctrl da Alt da Esc tare, Cinnamon zai sake tashi ba tare da ya rufe takardun da kuke aiki a kansu ba.

Na ce guda biyu ne saboda Mint yana zuwa da su tare, kuma an gina garkuwar ta yadda in ba ta samu na farko ba takan koma ga tsohuwar hanya ta sauka a na biyu. Saboda haka ina kyautata zaton duka biyun ne babu su a zirinku.

Malamin Lissafi, Ɗa'if

Ina so in ƙara bayani a kan dalilin da ya sa masauki ya zama biyu, domin wanda ya fahimci wannan ba zai rikice ba in ya gamu da matsalar a wani tebur. Tun da daɗewa hanyar da ake bi ita ce manhaja ta zana 'yar tagarta da kanta, ziri kuma ya rungume ta a jikinsa. Wannan hanya tana da nakasu, ba ta iya girma da kyau a allo mai kaifin gani, kuma a ɗaure take da tsohon tsarin nuni na X11. Masu GTK, kayan da ake gina tagogin manhajoji da su, suka ayyana ta a matsayin abin da za a yi watsi da shi tun GTK 3.14 a 2014, masu teburin GNOME kuma suka cire gurbinta gaba ɗaya a GNOME 3.26 a 2017. Kafin nan masu teburin KDE sun fito da tasu hanyar mai suna StatusNotifierItem, Ubuntu ma suna da AppIndicator tun 2010, inda manhaja ba ta zana komai, saƙo kawai take aikawa ta D-Bus, hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo, cewa ga sunan alamata ga jerin zaɓina, ziri ne ke zanawa.

Masu Mint, ƙarƙashin Clement Lefebvre, ba su yarda a rasa wannan kusurwa ta ziri ba, sai suka yi tasu hanyar ta XApp a Mint 19.3, ƙarshen 2019, wadda ke aiki a Cinnamon da MATE da Xfce. Akwai kuma wani ɗan aike mai suna xapp-sn-watcher da ke tashi tare da kwamfuta, aikinsa ya karɓi alamomin manhajojin da ke bin hanyar KDE ya miƙa su ga masaukin XApp. In shi kaɗai ya tsaya, garkuwa za ta kasance tana nan amma alamomin wasu manhajojin su ɓace. Wannan ya sa tambayar da ɗalibinmu ya yi game da Telegram ta fi kowace tambaya amfani a wannan zance.

Wanda ke kan Ubuntu na asali kada ya nemi garkuwa, ba su da ita. Tagar sabuntawa ce ke buɗe kanta in lokaci ya yi.

Baban Walid, Makka

Alhamdu lillahi. Na duba, duka biyun ba su da alamar dacewa, kamar yadda ka faɗa. Na ƙara su, kuma ko sake tayar da Cinnamon ban yi ba garkuwar ta fito kusa da agogo, Telegram ma ya dawo. Ban san yadda zan gode muku ba.

Abu Hafsat, Jidda

Ina taya ku murna, Alhaji. Amma a yi mini adalci, hanyar da na faɗa da ita ma ta dawo da waɗannan biyun, domin suna cikin tsarin asali. Ban faɗi abin da ba ya aiki ba. Bambancin kawai shi ne ni ina duba lokacin mai kwamfuta, wanda sau da yawa yana tsaye a kaina yana jira.

Baban Walid, Makka

'Yan uwa, ashe da sauran aiki. Na kashe kwamfutar daren jiya, da safe bayan na dawo daga Harami na kunna ta, Telegram ya fito amma garkuwa babu. Na jira fiye da rabin awa. Da na buɗe Update Manager da hannu sai ta bayyana, ta zauna har na sake kashewa, na kunna kuma ta ɓace. Na duba masaukan biyu, suna nan da alamarsu.

Ɗalibin Madina

Baba, ku gafarce ni, wannan kuskurena ne. Lokacin da na ce ku duba ko manhajar tana aiki, kun riga kun buɗe ta da hannunku a wannan zaman, kuma ita in aka rufe tagarta ba ta mutuwa, ɓuya take yi ta ci gaba da aiki. Saboda haka amsar da muka samu ba ta nuna mana ko tana tashi da kanta ba. Kamata ya yi in ce ku sake kunna kwamfutar, ku jira 'yan mintuna, sannan ku yi gwajin kafin ku taɓa komai.

Yanzu ga abin da za a duba. Ku buɗe Startup Applications daga jerin manhajoji, ku nemo Update Manager, ku ga ko makunnin da ke gefensa a kunne yake. Asalin umurnin tashinsa yana cikin `/etc/xdg/autostart`, wanda na kowa da kowa ne a kwamfutar, amma in wani ya kashe makunnin, sai a rubuta wani fayil mai irin sunan a `~/.config/autostart` na mai amfani, kuma shi ne ke rinjaye. In kun rubuta `cat ~/.config/autostart/mintupdate.desktop` kuka ga layin da ke ƙarewa da Autostart-enabled=false, to an kashe shi ne da gangan. Ku kunna makunnin kawai, ba sai kun gyara fayil ɗin da hannu ba. Ku lura kuma cewa an sa masa ɗan jinkiri, ba ya fitowa a daidai lokacin da tebur ya buɗe, don haka ku ba shi minti ɗaya kafin ku yanke hukunci.

Ummu Salma, Riyad

Yaya Abu Hafsat, ka ga abin da nake nufi. Mayar da ziri yadda ya zo ba ya taɓa wannan fayil, domin ba a cikin saitin Cinnamon yake ba. Da Baba ya bi waccan hanya, da ya yi asarar tsarinsa kuma garkuwar ba ta dawo ba, daga nan sai a ce masa saura sake ɗora Mint. Ba ina raina aikinka ba ne, na san ka fi mu yawan kwamfutocin da suka bi ta hannunka, amma tambaya biyu ko uku kafin a share abu ba ɓata lokaci ba ne.

Abu Hafsat, Jidda

Hajiya, a wannan kin yi gaskiya, ban kawo makunnin tashi a raina ba. Na karɓa. Amma tunda abu biyu ne suka lalace lokaci ɗaya, kuma ba su da alaƙa da juna a cikin kwamfuta, ni a sanina hannun mutum ne. Alhaji, akwai wanda kuka ba kwamfutar nan ya duba muku ita a watannin nan?

Baban Walid, Makka

Makunnin a kashe yake, tare da wasu guda huɗu. Na kunna na Update Manager, na kashe kwamfutar na kunna har sau uku, kuma kowane karo garkuwar tana fitowa da kanta. Alhamdu lillahi.

Malam Abu Hafsat, tambayarka ta tuna mini. Kimanin wata biyu da suka wuce kwamfutar tana nauyin tashi, sai na kira wani matashi mai gyara ya duba ta. Ya ce zai rage mata kaya, ya yi 'yan danne-dannensa, kuma lalle ta ɗan ƙara sauri. Ba na zarginsa da mugun nufi, abin da na roƙe shi ya yi. Amma ya kamata ya gaya mini abin da ya kashe, ni ma ya kamata in tambaya. Sauran huɗun fa, in kunna su ko in bar su?

Malamin Lissafi, Ɗa'if

Alhaji, ku rubuto mana sunayensu kafin ku taɓa su. Wasu babu laifi a bar su a kashe, kamar tagar maraba da ke buɗewa a farkon amfani. Amma in akwai System Reports a ciki ku kunna shi, domin shi ma ta wannan kusurwa yake sanar da mutum in akwai abin da ke buƙatar kulawa, haka ma xapp-sn-watcher in ya bayyana a jerin. Ina zaton abin da ya faru shi ne matashin ya fara kashe manhajojin, sai masaukan suka zama fanko, ya gan su kamar ba su da aiki ya cire su. Zato ne kawai, amma ya dace da abin da muka gani.

Ɗan Karantina, Jidda

Na karanta zancen nan daga farko, kuma ina ganin an ba alama ɗaya girman da ya wuce nata. Ni shekara da shekaru ba na kallon wata garkuwa. Kowace Juma'a nakan rubuta `sudo apt update` sannan `sudo apt upgrade`, shi ke nan. Wanda kuma ba ya son taminal, a cikin saitin Update Manager akwai shafin da ake kunna sabuntawa ta atomatik, kwamfuta ta riƙa yi da kanta kullum ko an ga alama ko ba a gani ba. Me ya sa ba za a ce wa Baba ya kunna wannan ya huta ba?

Ɗalibin Madina

Yaya, hanyarka tana aiki ga wanda ya riƙe ta bai fasa ba, amma akwai abin da take bari a baya. Umurnin apt ba ya taɓa manhajojin da aka saka ta Flatpak, wato wata hanya daban ta saka manhaja, ba ya kuma sabunta ƙarin kayan Cinnamon da aka sauko da su daga baya, alhali Update Manager yana haɗa duka a jeri ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauko manhaja daga Software Manager ba su ma san ta Flatpak ce ba.

Sannan garkuwar ba sabuntawa kaɗai take sanarwa ba, tana nuna kuskure ma. In sabar da ake ɗebo kaya ta daina amsawa, ko wani ma'ajin da aka ƙara ya lalace, kamanninta sukan canza mutum ya san da matsala. Wanda ya kunna atomatik ya bar garkuwa a ɓace, in abin ya tsaya babu mai gaya masa. Masu Mint da kansu sun koka a farkon 2021 cewa masu amfani da yawa ba sa sabuntawa, shi ya sa a Mint 20.2 suka ƙara saƙon tunatarwa da ke fitowa in sabuntawar tsaro ta yi kwana 7 na amfani da kwamfuta tana jira, ko ta kai kwana 15 a kalanda. Amma wannan saƙo ma daga manhajar yake fitowa. Da aka kashe ta a kwamfutar Baba, garkuwa da tunatarwa duk suka yi shiru tare, wata biyu.

Ummu Salma, Riyad

Ni ban ƙi atomatik ba, na kunna shi a kwamfutar yara. Amma ga mai sana'a irin Baba ina da shakka. In lokacin aikin Hajji ya zo, takardu sun yi yawa, ba ya son ya wayi gari firinta ta ƙi aiki saboda wani abu ya canza da dare bai sani ba. Gara ya ga ɗigo, ya zaɓi lokacin da ya dace, ya danna da hannunsa. In kuma zai kunna atomatik, to lalle Timeshift ya kasance yana ɗaukar hoton tsarin kwamfutar a kai a kai, don in wani abu ya ɓaci a koma baya. A sani kuma Timeshift, yadda ya zo, tsarin kwamfuta yake adanawa, ba takardun mutum ba. Hotunan fasfo da fassarori sai an kwafe su daban.

Ɗan Karantina, Jidda

Batun Flatpak gaskiya ne, ni nakan ƙara `flatpak update` a bayan waɗancan, na manta ban rubuta ba. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa atomatik ya fi wa mafi yawan mutane, domin na ga waɗanda garkuwarsu ke nan da ɗigonta wata da watanni ba su danna ba. Amma na yarda cewa ko an kunna shi bai kamata a bar alamar a ɓace ba.

Basakkwacen Gadarif, Jidda

Salamu alaikum. Ku ba ni dama in shigo da tawa, domin kusan iri ɗaya ce. Akwai wata tsohuwar laftof da na zo da ita daga Sudan, Mint ne a kanta amma Xfce, kuma ni tawa garkuwar tana nan, sai dai kullum cewa take komai a sabunce yake. Na fi wata shida ban ga ɗigo ba. Da na karanta abin da ya samu Baba sai jikina ya yi sanyi. A System Info an rubuta 20.3.

Malamin Lissafi, Ɗa'if

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, taka ta fi ta Alhaji buƙatar gaggawa, ko da yake alamarka lafiya take. Jerin Mint 20 gaba ɗaya, daga 20 zuwa 20.3, an gina shi a kan Ubuntu 20.04, kuma wa'adin kula da shi ya ƙare a Afrilun 2025. Garkuwar ba ƙarya take yi ba, babu sabon abu a inda take dubawa, domin an daina aikowa. Ramukan tsaron da aka gano bayan wannan lokaci suna nan a buɗe a laftof ɗinka. Mint 21 yana da kulawa har 2027, Mint 22 kuma har 2029.

Ana iya hawa daga 20.3 zuwa 21 da manhajar mintupgrade, daga nan a bi ta 21.3 kafin a kai 22, ba a tsallakewa. A nan kam ina ganin shawarar Abu Hafsat ta sake ɗorawa sabo ta fi dacewa, domin hawa biyu a jere a tsohuwar na'ura yana cin lokaci da data mai yawa. Ka kwashe takardunka, ka ɗora Mint 22 na Xfce kai tsaye.

Saboda masu Xfce da za su karanta wannan nan gaba, in garkuwa ta ɓace muku, a saitin ziri za ku shiga shafin Items ku tabbatar akwai XApp Status Plugin. Tun Xfce 4.16 an haɗe tsohon masauki da na StatusNotifier a wuri ɗaya, kuma yana da jerin manhajojin da ya sani inda ake iya ɓoye ɗaya bayan ɗaya, don haka a duba can ma. Umurnin sake tayar da zirin shi ne `xfce4-panel -r`.

Abu Hafsat, Jidda

Ɗan uwa na Gadarif, tunda kana Jidda, ka kawo laftof ɗin bayan La'asar ranar Asabar in Allah ya kai mu, ka zo da filas biyu, ɗaya na takardunka ɗaya na ɗorawa. Ka duba agogonta kafin ka taho. In tana mantuwa da kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, ƙaramin batirin cikinta ya mutu, sai mu canza shi a lokaci ɗaya, domin agogon da ya koma baya yakan sa apt ya ƙi karɓar jerin sabuntawa, ya ce lokacin fayil ɗin bai yi ba tukuna. Zan turo maka kwatance a keɓe.

Baban Walid, Makka

Malam na Ɗa'if, ga sunayen huɗun da suka rage: mintwelcome, System Reports, Print Queue Applet, da Blueman Applet. Na kunna System Reports kamar yadda kuka ce. Ba na amfani da bulutut, don haka na bar na ƙarshen a kashe. Na firinta ne ban sani ba, domin firintar tana bugawa lafiya ko da yake a kashe yake. Timeshift kuma na buɗe shi na tarar hoton ƙarshe tun ranar da ɗan ƙanena ya ɗora Mint ne, ba a sa masa jadawali ba.

Malamin Lissafi, Ɗa'if

Na firintar ku kunna shi, Alhaji, ba shi da nauyi. Ba shi ke bugawa ba, amma yana cikin masu sanar da ku in aiki ya maƙale a layi, kuma ku da ke buga takardun mutane kuna buƙatar wannan. A Timeshift ku shiga saiti, shafin jadawali, ku zaɓi na kullum ya riƙe guda biyar. Kafin nan ku rubuta `df -h` ku turo mana layin da ke ƙarewa da alamar / kaɗai, mu ga ko faifan yana da filin da zai ɗauke su.